Hannun Marini a Gado na Bakwai

Ni marini ne, Tasi'u na Ƙofar Mata,
shekara talatin hannuna cikin baba da toka.
Ko na dirje shi da soso har ya yi raɗaɗi,
shuɗin na nan a farce, ba ya gogewa.

Ƙaba ce ta kai ni, aikin rabin awa.
Likita ya ce, "Kwana uku ka koma karofi."
Na bar wa Sabi'u turmi goma na shadda,
na ce ya riƙa juyawa, Laraba ina tafe.
Laraba huɗu suka same ni kwance,
ina ƙirga fankar da ba ta juyawa.

Ɗinkin ya yi kyau da fari.
Rana ta huɗu sai ya ɗau zafi kamar garwashi,
bakinsa ya yi ja, ya tasa, ya fara ruwa,
la'asar na yi, haƙorana suka hau kaɗawa.
Na zargi sammu. Na zargi tsiren da na ci a ɓoye.

Sista Kubura ta ɗaga bandeji, ta yi jim.
Ta ce, "Baba, wannan ba da shi ka zo ba,
a nan ka same shi.
Farin bango ba ya ba ƙwayar cuta tsoro.
Ciwo kan zo nan neman magani,
wani ya tafi, wani ya zauna jiran mai zuwa."

Daga ranar na daina kallon fuska,
hannu nake bi da ido.
Safar roba guda ta taɓa gado na biyar,
ta taɓa na shida, ta nufo cikina.
Famfon kusurwa tun Asabar yake tari, ba ɗigo.
Buta ɗaya, mu goma sha biyu.
Allurar ƙarin ruwa ta kwana shida a jijiyata,
har wurin ya yi tauri, ba mai dubawa.

'Yan dubiya, Allah ya saka musu,
daga Kurmi, daga cikin adaidaita sahu,
kowa da hannun gaisuwa, kowa bakin gado.
Ƙanena har ya yaye zane,
ya danna ɗinkin da yatsa, wai ya ji ko yana warkewa.

Malam Sammani na gado na takwas,
karaya ce ta kawo shi daga Ɗan Agundi.
Ƙashi ya haɗe, har ya fara zancen sanda,
robar fitsari ta daɗe, zazzaɓi ya biyo ta.
Da asuba aka ja labule.
Silifas ɗinsa sun kwana biyu ƙarƙashin gado
kafin ɗansa ya tuna da ɗaukewa.

Rai na Allah ne, ban yi musu ba.
Amma matambayi ba ya ɓata.
Kunya ta shaƙe ni kwana biyu,
ni da ban yi boko ba, zan tuhumi mai farar riga?
Ran Litinin ya zo, ɗalibai bakwai a bayansa,
ya miƙo hannu, na ji bakina ya ce,
"Likita, a yi haƙuri, an wanke kuwa?"

Ɗakin ya yi tsit, har cokalin wani ya tsaya.
Ya dube ni. Ya dubi tafinsa.
Ya juya ga kwalbar nan, ya matsa, ya murza,
bakwai ɗin nan suka bi layi suna murzawa.
Washegari wani daban ya zo, ya manta.
Na sake tambaya. Ta biyu ba ta da nauyi.
Na sa aka cire allurar, na sa Sabi'u ya kawo sabulu,
na ce masu gaisuwa su yi ta daga tsaye.

Yau ina bakin ramina, da tabo kamu guda.
Mu marina mun sani tun muna yara,
hannu mai maiƙo kan ɓata rami ɗungurungum.
Masu wucewa na kallon nawa, suna yatsina.
Ku kalla, nawa dai a fili yake.
Wanda ya kwantar da ni wata guda
ba shi da launi, ido ba ya kamawa.